Sharhi: Allo Mai Ƙege Huɗu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu bakin teku, ko da yake da yawanmu iyakar ruwan da muka sani shi ne kogin Haɗeja, da dam ɗin Tiga, sai kududdufin bayan gari.

Kwanaki a wata kasuwar ƙauye da ke gefen Ringim na tsaya a rumfar mai cajin waya, na tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya guda. Bidiyo suke kallo: wani bawan Allah tsaye a kan allo, raƙumin ruwa ya naɗo a kansa kamar tabarma, shi kuwa yana ta sulalewa a ciki. Wani dattijo masunci ya leƙo, bai ko damu da mutumin ba. Sai da aka kifa allon a ƙarshe, ya nuna da yatsa ya ce, "Kai yaro, tsayar da shi nan. Wannan ai ƙege aka dasa masa, har guda huɗu." Idon mai sana'a ke nan. Ƙegen nan, wato ɗan fiffiken da kifi ke saita kansa da shi, a kansa masu ƙera allon hawan igiyar ruwa suka shafe shekaru suna gardama.

Mutanen tsibirin Hawayi, waɗanda suka gaji wasan nan kaka da kakanni, allonsu na itace ne, cikinsa sumul. In igiya ta yi ƙarfi sai gindin allon ya zame gefe. A 1935 wani Ba'amurke, Tom Blake, ya ciro ƙarfen ƙasan wani tsohon jirgin ruwa ya kafa a gindin allonsa. Duk wanda ya ga mai kwale-kwale ya nitsa filafili a baya don ya saita hanya, ya san abin da Blake ya yi. Ƙege ɗaya yana riƙe allo daram, amma juya shi sai an yi kwana mai faɗi kamar amalanken shanu.

Daga nan aka koma biyu, ɗaya a kowane gefe. Da irinsa Mark Richards na Ostiraliya ya ci kambun duniya na hawan igiyar ruwa sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982. Akwai gudu, akwai saurin juyi, amma a babbar igiya santsi gare shi. Ɗan ƙasarsu Simon Anderson, ƙato ne mai nauyi, mai biyun bai karɓe shi ba, sai ya ƙara na uku a tsakiya can baya. A 1981 ya ci gasar Bells Beach ta Ostiraliya da shi cikin manyan igiyoyi, ya je Hawayi ya ci ta Pipeline. Kafin ka ce kwabo kowa ya koma mai uku.

To, a daidai wannan lokaci ne wani ɗan Ostiraliyan, Glen Winton, ya fito da mai huɗu: manya biyu a gaba, ƙanana biyu a bayansu, tsakiya fayau ba komai. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Kasuwa ta riga ta ci ta watse. Aka mai da mai huɗu kayan masu ƙwaƙwa, ya yi kusan shekara ashirin a gefe.

A ganina adadin bai taɓa zama laifinsa ba, wurin dasawa ne. Manomi ya san garmar shanu guda ce, amma in aka karkata bakinta kaɗan, ko ta yi ta shafar ƙasa, ko ta nutse shanu su gaji tun hantsi. Haka na bayan nan biyu suke. In aka tura su bakin allo, kusa da na gaba, allon zai yi gudu kamar an sake shi, ya kama jikin igiya mai tsayi gam, amma sauya shi daga wannan gefe zuwa wancan sai da dabara. In aka ja su baya aka matso da su kusa da layin tsakiya, kamar yadda wani maƙerin allo, Bruce McKee, ya daɗe yana kira a yi, sai ya ɗauko halin mai uku, ya yi ladabi a ƙafa. Tazarar da ake magana ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba. Gudun kuwa daga tsakiyar nan da aka bari fili yake zuwa: ruwa na wucewa ta gindi ba abin da ya tare shi.

Matsalar da ita ce, a wancan zamani liƙe ƙegen ake yi a jikin allo. In ka dasa ba daidai ba, sai kankarewa ko sabon allo. A shekarun 1990 kamfanin FCS ya yaɗa ƙegen da ake cusawa a rami a ɗaure da ɗan mabuɗi. Sai masu ƙira suka fara huda ramuka biyar, mutum ya hau da uku da safe, da yamma ya kwance ya mai da huɗu. Gwaji ya yi araha, gardamar baki ta ragu.

Waɗanda suka dawo da martabar mai huɗu bayan shekara ta 2000 masu sai da rai ne, masu hawan igiyoyin Mavericks a Kalifoniya irin su Jeff Clark da Nathan Fletcher, waɗanda in allo ya yi jinkirin ƙiftawar ido ruwa ya rufta musu. Kelly Slater ma, mai kambun duniya 11, ya hau shi. A 2011, shekarar da ya ci na ƙarshe, an gan shi da mai huɗu an ƙara masa wani ɗan mitsitsi a tsakiya, abin dariya, wai don ya ɗan ɗanɗana halin mai ukun da aka gudu daga gare shi. Har yau dai mai uku ne ya fi yawa a gasa, domin alƙalai juyi mai kaifi suke ba maki, shi kuwa na tsakiyar nan shi ne turken da ake juyawa a kansa.

Shi kuwa dattijon nan na rumfar caji, da aka gama yi masa bayani, ya jinjina kai ya tambayi kifi nawa mutumin ke kamowa a rana. Samari suka ce, "Baba, ai ba kamun kifi ba ne, wasa ne." Ya sake duban allon, ya ce ƙirar dai ta yi, ya saɓi gorarsa ya nufi bakin kogi.