Koya wa ɗalibai gano jigo a wasan kwaikwayo

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman malaman adabi na koleji da lise a Maradi.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamai ƴan'uwana maza da mata, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana kan yadda za mu koya wa yaranmu gano jigo a wasan kwaikwayo. Zan ɗauki wasa guda in tsaya a kansa, don maganar jigo ba ta kama ƙasa sai da littafi a hannu. Na zaɓi L'Avare, wato Marowaci, na Moliyer marubucin Faransa, wanda aka fara nunawa a birnin Faris a 1668, Moliyer da kansa ya fito a matsayin tsoho Arfagon.

Duk wanda ya taɓa koyar da wasan nan ya san abin da aji zai ce in an tambayi jigonsa. Gaba ɗaya za su amsa: rowa. Wannan tamkar ka tambayi mutum abin da ke cikin buhu ne, ya karanta maka rubutun da ke jikinsa bai kwance bakin ba. Wani yaron kuma sai ya kwashe labarin tun daga farko ya zuba maka. Na uku ya yi maka wa'azi, ya ce wasan yana koya mana mu daina rowa. Dukansu sun yi ƙoƙari, kada mu gwale su, amma ba wanda ya kai. Abin da nake nema wurin ɗalibi shi ne jimla cikakkiya, wadda wani zai iya tashi ya ce bai yarda ba, shi kuma ya buɗe littafi ya nuna fitowar da ta ba shi gaskiya.

To ta ina za a bi da shi? Ni tambaya guda nake rubutawa a allo tun ranar farko, in bar ta har a gama: me tsohon nan ya yarda ya rasa don kada kuɗinsa su taɓu? Kowace fitowa aka karanta, yara su ƙara amsa a ƙarƙashinta.

Da fari amsoshin ƙanana ne. Dawakinsa sun rame saboda yunwa. Baransa guda, Metir Jak, shi ne kuku shi ne direban keken doki. Ya binne akwatin kuɗin zinariya 10,000 a lambu, barci ya ƙaurace masa. Yara na dariya, ku bar su su dara, don haka aka rubuta shi.

Sai a zo kashi na 1, fitowa ta 5, inda yake son aurar da ƴarsa Eliz ga dattijo Ansalam, hujjarsa guda yake ta maimaitawa: mutumin ya yarda ya ɗauke ta ba tare da an haɗa mata komai ba. A nan sai malam ya tsaya, in ba haka ba yaro ɗan Maradi zai ɗauka sadaki ake nufi, alhali a Faransa ta wancan zamani uban amarya ne ke ba da dukiya ta tafi da ita gidan miji. Ku ce musu su tuna kayan ɗaki da gara. Nan take kowace yarinya a ajin za ta gane abin da uban ya yi: ya zaɓi inda ba zai kashe ko tamma ba, bai tambayi zuciyar ƴarsa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kashi na 2. Ɗansa Kileyant ya rasa kuɗi, ya bi ta hannun dillali yana neman bashin faran 15,000 na kuɗin lokacin. Mai ba da bashin ya ɓoye sunansa, ya ɗora ruwa fiye da kashi 25 cikin 100, sannan ya ce 12,000 kawai zai bayar tsaba, sauran a karɓi tarkace, har da fatar ƙadangare da aka cusa wa ciyawa. Da aka haɗa su ido da ido, sai ga shi uba ne da ɗa. A garin kasuwanci irin namu ba sai an yi wa yara dogon bayani kan dillali da bashi da ruwa ba. Abin da nake tambayarsu shi ne: a wannan fitowar, akwai uba a kan dandamali? Sukan yi shiru, sannan wani ya ce a'a, mai bin bashi ne da wanda ake bi. Daga wannan amsar jigo ya fara fitowa, kuma daga bakin yaro ya fito, ba daga nawa ba.

Abin ya ci gaba. Uba da ɗa suna neman yarinya guda, Mariyan. A kashi na 4 uban ya tsine wa ɗansa, ɗan ya mayar masa da baƙar magana. A nan aji yakan rabu biyu, kuma ina roƙonku kada ku kashe gardamar. Yaranmu sun tashi da sanin nauyin bakin iyaye, wasu za su ce laifin ɗan ya fi. Ba su kaɗai ba ne, masanin falsafa Ruso ma ya soki wasan a kan wannan wuri a 1758. Ku tambaye su wa ya fara tsinke igiyar, kowa ya kawo shaidarsa daga shafi.

Wasa kuma ba don a karanta shi a zuci aka rubuta shi ba. Mu da muka tashi muna jin ƴan wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo a rediyo mun san abin da murya ke yi wa magana. Don haka fitowa ta 7 ta kashi na 4, inda aka sace akwatin, a tsayar da yaro gaban aji ya yi ta da ƙarfi. Tsohon ya ruɗe har ya cafke hannun kansa yana zaton ɓarawo ne, yana kiran kuɗin masoyinsa, yana cewa an raba shi da madogararsa da farin cikinsa. Sai ku ce wa aji su duba baya su nemo inda ya taɓa faɗa wa ƴaƴansa kalma irin wannan. Za su nema su rasa. Abin da marubuci ya hana tauraronsa faɗa, shi ma shaida ne, kuma ɗalibai ba sa lura da shi sai an nuna musu.

Saura ƙarshen wasan, inda takardun jarrabawa suka fi lalacewa. Yaranmu sun saba da tatsuniya da finafinan da mugu ke tuba ko ya ga sakayya, sai su rubuta cewa Arfagon ya yi nadama. Bai yi ba. Ya yarda da auren ƴaƴansa ne bisa sharaɗin a maido masa da akwatinsa, Ansalam ya ɗauki duk ɗawainiyar biki har da ɗinka masa riga. An gano Ansalam ne mahaifin Mariyan da saurayin Eliz, kowa ya tafi murnar haɗuwar dangi, Arfagon kuwa ya nufi akwati. Ku sa su karanta jimlar ƙarshe sau biyu kafin su ɗauki biro.

Bayan haka kowane ɗalibi ya rubuta jigo a jimla guda, ya kafa ta da fitowa biyu. Wani zai ce son kuɗi yana mayar da uba baƙo a gidansa. Wata ta ce gidan da babu yarda, kowa sai ya koyi ƙarya, ta kawo Baler da ya ɓoye asalinsa ya shiga aikin gidan don Eliz. Duk biyun na karɓa, na ba da maki. Wanda ya haddace jimlata kuwa, ranar jarrabawar bak ta gama lise in aka ba shi wasan da bai taɓa gani ba, ba shi da abin kamawa. Shi ya sa ba na rubuta tawa a allo sai bayan na karanta tasu.

Na ga Malama ta ɗaga hannu tun ɗazu kan maganar yawan ɗalibai a aji da ƙarancin littattafai. Bismillah, Malama, mu fara da ke.