Jawabin Maraba ga Wakilin Ma'aikatar Lafiya na Yankin Arewa a Unguwar Hausawa ta Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai Girma Wakilin Ma'aikatar Lafiyar Jama'a na Yankin Arewa, wakilin Mai Martaba Lamiɗo, Sarkin Hausawa, Sarkin Fawa, limamanmu da iyayenmu mata, da yawun mutanen wannan unguwa nake yi wa babban baƙonmu lale marhabin. Ranka ya daɗe, ka iso mu a tsakiyar damina, kogin Binuwai ya cika ya batse, kuma da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da mai kwance da zazzaɓi ba. Saboda haka zuwan naka ya faɗo a kan gaɓa.

Kukanmu shi ne, a wurinmu duk zafin jiki sunansa palu, wato maleriya. Mutum zai sayi ƙwayoyi a teburin bakin kasuwa, idan bai ji sauƙi ba ya ƙara wasu. Alhali akwai wani sauron daban, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, musamman da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da gidan sauron da aka raba mana yake a naɗe. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin shawara da denge da cikungunya, kuma wurin da ya fi so ya yi ƙwai shi ne ruwan da muka tara da hannunmu a randa da duro, da wanda ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Maganin palu ba ya taɓa waɗannan cututtuka, asfirin kuwa, da muke sha kamar gyaɗa, yana iya jawo wa mai denge zubar jini.

Abin bai yi mana nisa ba. A shekarar 2020 cikungunya ta kwantar da mutum fiye da 30,000 a Abeshe ta ƙasar Chadi da kewayenta, ga ciwon gaɓoɓi mai hana tafiya, sannan a watan Agustan 2023 hukumomin Chadi suka sanar da ɓullar denge a wannan garin dai. Direbobinmu da fatakenmu kullum suna kan hanyar Marwa da Kusuri zuwa Njamena.

Mahautanmu ma suna da nasu haɗarin. Zazzaɓin Kwarin Rift sauro ne ke kai shi ga tumaki da shanu da raƙuma, ya sa dabbobi su yi ta ɓari, mutum kuma ya ɗauka ta jinin dabbar da ya yanka ko ya feɗe, kamar yadda ya faru a jihar Tawa ta Nijar a 2016. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a ƙasar Borno a 1969, shi ta hanyar ɓera yake zuwa, kuma Borno maƙwabciya ce.

Ranka ya daɗe, muna godiya da allurar shawara da ake yi wa jarirai a wata 9, amma akwai manya da yawa a cikinmu da ba su taɓa yin ta ba, ga shi sau ɗaya ake yi ta tsare mutum iya rayuwarsa. Muna roƙon a kawo ta unguwa. Muna kuma roƙon a sauƙaƙa wa ƙananan asibitocinmu aika jini zuwa reshen Cibiyar Pasteur da ke nan Garwa duk lokacin da gwajin palu bai nuna komai ba amma zazzaɓi ya ƙi sauka. Sai batun randa, wanda a ganina ya fi kowanne sauƙi: randa a hannun mata take, kuma namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, don haka ma'aikatan lafiya mata muke so su shiga su nuna yadda ake wanke ta duk mako a rufe bakinta.

Bayan an yi addu'a, Sarkin Fawa yana gayyatarka zuwa kwata ka ga yadda yaransa ke aiki ba safar hannu. Allah ya sa ka koma gida lafiya.