Jikinsa Bai Yi Zafi Ba, Amma Ba Shi Da Lafiya

Maganar da ke yawo a WhatsApp kwanan nan ita ce, wai matuƙar jikin jariri bai yi zafi ba, babu abin damuwa. Iyaye mata, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Ku kalli yatsan da ƙaya ta soka. Ya yi ja, ya kumbura, yana zugi. Fararen ƙwayoyin jini ne suka taru suna yaƙar cuta, in abin ya yi tsanani zazzaɓi ya biyo baya. Haka jikin babba yake yi.

Ɗan tayi kuwa daban yake. Wata tara yana zaune cikin jikin da ba nasa ba, don haka Allah Ya sassauta masa wannan faɗan, kada shi da uwarsa su cutar da juna. Kariyarsa aro ce: sinadaran garkuwa na ratsawa daga jinin uwa ta mabiyiya, mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe. Shi ya sa bakwaini yake zuwa da guzuri kaɗan.



To, ga inda ake ruɗewa. Ranar da aka haife shi, sassaucin nan ba ya gushewa nan take. Fararen ƙwayoyin jininsa ba su da saurin isa inda cuta take, ajiyarsu a ɓargo kuma ba ta da yawa, nan da nan take ƙarewa. Cutar da jikin babba zai tsare wuri guda ta zama maruru, a jikin jariri sai ta zarce cikin jini, har ta kai ƙwaƙwalwa. Kuma sau da yawa babu zazzaɓi. Wani ma sanyi jikinsa zai yi.

Ku sake saurara: sanyi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yabon da ake yi wa irin wannan yaro. 'Yan barka sun cika ɗaki, ana cewa, "Kai, yaron nan akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi." Alhali ya daina kama nono, ya yi laushi, sai an taɓa shi yake motsi. A kwana 28 na farko ga abin dubawa: ƙin shan nono, numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, awazu na faɗawa ciki, jijjiga, ma'aunin zafi ya kai 38 ko ya sauka ƙasa da 35.5. Ko ɗaya aka gani, ba a jiran suna, ba a jiran Baba ya dawo daga kasuwar Kwari. Asibitin Murtala, Hasiya Bayero, na Malam Aminu Kano, ko wanda ya fi kusa.



Sauran a gurguje. In faya ta fashe har awa 18 ba a haihu ba, haɗarin cuta ya ƙaru, kuma kumburi a cikin mahaifa yana iya taɓa huhu da ƙwaƙwalwar ɗan. Dakashi, Hajiya Kaka, don Allah a bar shi ya sha, shi ke shimfiɗa masa kariya a hanji. Cibiya kuma ba toka, ba man goge baki, sai maganin shafawa na kiloheksidin da ake bayarwa a asibiti. Rigakafin tarin fuka, da na shan inna, da na ciwon hanta, a karɓa tun a ranakun farko.