Da kaftani a Bankok: abin da ake kallo a jikin baƙo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Juma'a. Daga Bankok nake magana, unguwar Ratchathewi. Nan ƙarfe bakwai da rabi ne na safe, ku a gida kuwa ɗaya da rabi na dare, don awa 6 ce tsakaninmu. Yau ba ni kaɗai ba ne, Yaya ta zo sarin kaya a kasuwar Pratunam, na ce kafin ta koma sai ta ga gari. Yaya, gaishe su mana. To, ta ce a gaishe ku, wai kada in haska fuskarta.

Tambayar da kuka fi turo min ita ce, wai ana barin mutum ya sa kayan gida a Tailan? Ga ni nan kuna gani, kaftani ne da hula, Yaya kuma doguwar riga da hijabi. Babu wanda zai tare ka. Hasali ma dokokin sutura da ke ba Turawa wahala a ƙasar nan, mu da su muka taso. Abin da ke kama Bahaushe daban ne, shi zan nuna muku a hanya.

Ku fara duba bakin ƙofa. Kun ga takalma a jere a waje? Ba a shiga ɗakin mutum da takalmi, haka wasu ƙananan shaguna da ɗakin shan magani na unguwa. In ka ga takalma a bakin ƙofa, kai ma ka cire naka. Shi ya sa na daina takalmi mai igiya, sau-ciki nake sawa. Kuma ka duba safarka kafin ka fita, don a rana ɗaya za ta ga mutane da yawa.

Wannan kaftanin ba shadda ba ce, yadi ne mara nauyi. Duk mai shirin zuwa, ya ajiye shaddar nan mai sitati don ranar Sallah. Zafin Bankok ba irin na Sakkwato ba ne da zufa ke bushewa nan take. Iskar nan jiƙe take da ruwa, kana fita daga wanka ka soma gumi. Daga Maris zuwa Mayu abin ya fi tsanani, daga nan damina ta ɗauka har wajen Oktoba. Amma da ka shiga jirgi ko babban kanti, sanyin na'ura zai sa ka nemi mayafi. Kullum tsakanin waɗannan biyun kake.

Ga 'yan acaɓa can a bakin layi, kowa da rigarsa mai ruwan lemo da lamba a baya. Kowane rukuni da tasharsa, wasu ma an rubuta kuɗin kowace unguwa a allo. Mutanen nan suna son yunifom ƙwarai. Waɗancan 'yan matan masu farar riga da baƙin siket ba 'yan sakandare ba ne, ɗaliban jami'a ne. Da maɓalli da bel da ɗan bajo a ƙirji ake gane makarantar kowa. Malaman makarantar gwamnati da ma'aikata da yawa kuma kaki suke sawa ranar Litinin. Tufa a nan tana faɗin ko kai wane ne tun kafin ka buɗe baki, kuma baƙo ma da wannan idon ake kallonsa.

Tsaya, Yaya, tsaya a inda kike.

Kun ji wannan? Ƙarfe takwas ta yi, taken ƙasa ne. Sau biyu ake sa shi a rana, takwas na safe da shida na yamma, a tashoshin jirgi da wuraren shaƙatawa da makarantu. Kun ga kowa ya ƙame, har mai gudun kada jirgi ya wuce shi. Bai wuce minti ɗaya ba. Kai baƙo babu wanda zai kama ka don ka ci gaba da tafiya, amma ni ban ga abin da tsayuwar minti ɗaya za ta rage ni da shi ba a ƙasar mutane.

Mun shiga jirgin sama-da-titi, wanda suke kira BTS, tun 1999 yake aiki. Ba a ci ba a sha a ciki. Ku saurara, mutum sama da ɗari a tarago ɗaya amma kamar babu kowa. Nan ne wuri na farko da muke faɗuwa. Mu in zance ya yi daɗi murya tashi take, in waya ce daga gida kuwa sai unguwa ta ji. Su a wurinsu ɗaga murya alamar mutum ya kasa riƙe kansa ce. Ko cutarka aka yi a ciniki, da ka fara hargowa kai ne ka yi asara, don mai shagon zai yi murmushi kawai ya daina sauraronka. Ba za su ce maka ka yi laifi ba. Sai dai ka ga abin da ya kamata ya ɗauki minti biyar ya ƙi ƙarewa.

Kujerar can mai alama ta malaman addinin Buddha ce, masu yafa ƙyalle mai ruwan lemo. Yaya, in ɗayansu ya shigo ki matsa gefe. Mace ba ta taɓa su, ba ta zama kusa da su, ko abu za ta ba su ba ta miƙawa hannu da hannu. Yaya ta ce wannan ai ba sabon karatu ba ne a wurinta.

Ruwan da muka tsallake yanzu shi ne Saen Saep. Can ta yamma a bakinsa akwai unguwar Ban Krua, Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, masaƙan siliki tun kaka da kakanni. Da su Ba'amurken nan Jim Thompson ya yi aiki lokacin da ya fitar da silikin Tailan kasuwannin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gidansa yana tsallaken ruwan, yanzu gidan tarihi ne.

Bari in yi maganar launi, don nan ne abin ya fi ban sha'awa. Kowace rana a mako da launinta. Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, Alhamis ruwan lemo, Juma'a shuɗi, Asabar shunayya, Lahadi ja. Ba dole ba ne, matasa da yawa ba su damu ba, amma mutum ya san ranar da aka haife shi da launinta. Marigayi Sarki Bhumibol ranar Litinin aka haife shi, ɗansa mai ci yanzu ma haka, shi ya sa rawaya ta zama launin sarauta. A ranakun bikin sarki za ka ga gari ya koma rawaya. Siyasa ma ta shigo ciki. An yi shekaru ana fafatawa tsakanin masu jar riga da masu rawaya, kuma a 2010 masu jar riga sun mamaye mahaɗar Ratchaprasong, nan kusa da Pratunam, aka ƙare da zubar da jini. Yanzu ka sa jar riga babu mai kallonka, amma in ana zanga-zanga a gari, ka duba abin da ke jikinka kafin ka bi ta wurin.

Baƙi kuma na makoki ne. Da Sarki Bhumibol ya rasu ranar 13 ga Oktoba 2016, ma'aikatan gwamnati shekara guda suka yi cikin baƙin kaya. To 'yan uwa mata masu baƙar abaya, a titi babu komai, a unguwar Nana ma za ku ga Larabawa da niƙabi suna ta harkokinsu. Amma in maƙwabciya 'yar ƙasa ta gayyace ki biki, ko za ki duba mara lafiya, ki nemi mai launi. Atamfa ma ta fi, don suna son ta, sai sun tambaye ki inda aka saya.

Mun sauka a tashar Saphan Taksin, mun hau jirgin ruwa a kogin Chao Phraya, ga mu a tashar jirgin ruwa ta Tha Chang. Waccan farar katangar ita ce ta Babbar Fada, wadda Sarki Rama na Ɗaya ya fara ginawa a 1782. Baƙo bat 500 yake biya kafin ya shiga, bat shi ne kuɗin ƙasar. Ku kalli bakin ƙofa da kyau. Ba a shiga da gajeren wando, ko riga mara hannu, ko yagaggen jins, ko matsattsen wando, ko ƙyalle mai shara-shara. Kun ga Baturen can da matarsa? An mayar da su. Yanzu za su tsallaka titi su sayi wandon nan mai zanen giwaye, sakakke mai roba a ƙugu. Masu shagunan can da wannan dokar suke ci. In ka ga mutum da wandon giwa a garin nan, kusan kullum baƙo ne.

Mu kuwa mai gadi ya dube mu daga sama zuwa ƙasa, ya yi mana nuni mu wuce. Ko tambaya babu.

Cikin ɗakin ibadarsu ba a ɗaukar hoto, mu ma gine-gine muka zo kallo. Amma ku ji wannan: ɗan mutum-mutumin Buddha mai launin kore da ke ciki ma kaya uku gare shi na zinariya, na zafi da na damina da na sanyi, kuma sarki ne ko wakilinsa ke canza masa in yanayi ya juya. Ƙasar da ta ɗauki sutura haka, ka san ba za ta yi wasa da abin da ka sa ba.

Kuma wannan tsari na riga da wando ba shi ne na asali ba. A da maza da mata zani suke naɗawa, talaka ya fita ba riga ba komai ba ne. Firaminista Phibun Songkhram, wanda a zamaninsa aka canza sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, shi ya fitar da umarnin sutura a 1941, aka matsa wa mutane su sa riga da wando ko siket, har da hula irin ta Turawa, wai don ƙasa ta waye. Musulmin kudu 'yan Malay sun ji jiki a lokacin, don kayansu na gado aka taɓa.

Yaya ta gaji, mun zauna a inuwa. Yaya, don Allah tanƙwashe ƙafar. Ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jiki a wurinsu, kai kuma shi ne mafi daraja. Ba a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum ko abin ibada, ba a nuna abu da ita, ba a tsallake wanda ke zaune. Kada kuma ka shafa kan yaron mutane don ya ba ka sha'awa. In iska ta ɗauki kuɗinka, kada ka take da ƙafa, hoton sarki ne a jiki. Maganar sarauta ma gaba ɗaya ka bar ta, ko a Facebook. Sashe na 112 na dokar laifuka ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma bai ware baƙo ba.

Tunda mun zauna, bari in yi maganar takardu, don kyan kaftani ba ya maye gurbinsu. Mai zaman dogon lokaci, duk kwana 90 sai ya sanar da hukumar shige da fice inda yake zaune. A Bankok babban ofishinsu yana Chaeng Watthana, in ka makara tarar bat 2,000 ce. Mai gidan da ka sauka shi ma dole ya sanar da zuwanka cikin awa 24, takardar da ake kira TM30. In bizarka ta ƙare, kowace rana bat 500 har zuwa 20,000, in ka zarce kwana 90 kuma a hana ka dawowa. Ranar zuwa ofishin, ka yi guga, ka bar silifas a gida. Kuma gaskiya ɗaya ce, baƙar fata an fi tsayar da shi a tambayi fasfo, musamman wajen Nana da dare. Ka riƙa yawo da shi, ka miƙa cikin natsuwa. Masu zuwa daga Najeriya, kada ku manta katin rigakafin shawara. Wani abu kuma, shekararsu ta fi tamu da 543, wato 2025 ita ce 2568. Kada ka ga wannan lambar a jikin gwangwanin madara ka ɗauka kuskure ne.

Yanzu mun dawo ta ruwa zuwa Bang Rak, ga mu a lungun Masallacin Haroon, daura da titin Charoen Krung. Ku ga jama'a. 'Yan ƙasa, 'yan Indiya, 'yan Fakistan, 'yan Mali da Gini masu harkar duwatsu masu daraja a unguwar Silom. Dattawan can da zani suka zo, ɗaure a ƙugu, da farar riga da hula. A Kano namiji ya fito Juma'a da zani sai yara sun bi shi, a nan kuwa shi ne shigar kamala. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ga 'yan bambance-bambance a salla, kada su dame ka. Hular nan tawa ta jawo min gaisuwa tun daga bakin lungu, wani dattijo har ya karɓa ya juya ta yana duba ɗinkin.

An idar. Yaya, ga masu abinci can sun jera. Wannan shinkafar mai rawaya da kaza ita ce khao mok kai, ga kuma roti. A nan ka ci hankali kwance. A waje kuwa ka yi hattara, naman alade yana shiga inda ba ka zato, har cikin romo da man suya. A kanti ka nemi tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasa, mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci a ciki.

Baiwar Allah, biyu za ki ba mu, ɗaya kada ki sa yaji da yawa. Yaya, ke fa kika ce kin iya cin barkono, ɗanɗana wannan koren miyar tukuna. Gobe da asuba za mu shiga Pratunam, zan nuna muku yadda ake sari da yadda ake aika kaya gida. Mai tambaya a kan farashi ya turo tun yau. Sai mun haɗu.