Laccar da aka yi a Maradi: Mi ya sa ƴan tumaki suka zo da ido guda?

To jama'a, Assalamu alaikum. Ƴan baya kuna ji na ko? Madalla.

Tunda nan garin kiwo ne bari mu fara da tumaki. Wajen 1957 a jihar Idaho ta Amurka makiyaya suka shiga tashin hankali, tumakinsu na ta haihuwar ƴaƴa masu ido guda tal a tsakiyar goshi, an ɗau shekaru ana bincike kafin a gano wata ciyawa ce ta kan tsauni, Veratrum californicum. Ba kullum take kawo ido guda ba, sai in tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Ku riƙe kwana 14 ɗin nan.

Mi ke faruwa a ranar? Ƙwayoyin halittar ɗan tayi duk littafin gado ɗaya gare su, ta ido da ta hanta, abin da ya raba su saƙon da kowace ta samu ne daga maƙwabtanta. Da fari wurin ido fili guda ne a gaban kai. Sai ƙwayoyin tsakiya su saki wani furotin, Sonic Hedgehog, shi ke cewa nan tsakiya ba ido, ku rabu dama da hagu. Gubar ciyawan nan, cyclopamine, ba ta kashe ƙwayar ba, kawai ta toshe wani furotin mai miƙa saƙon zuwa cikin ƙwayar, Smoothened, an yi magana ba wanda ya ji, sai fili ya zauna guda.

Kuma saƙon ba e ko a'a ba ne kawai, ƙarfinshi ma magana ne. Kamar lasifikar masallaci, na kusa ya ji da ƙarfi, na bayan gari sama-sama. Ɗaga hannunki ƴata, yauwa. Lokacin da hannun ɗan tayi ke tsirowa, daga gefen ƙaramin yatsa ake sakin Sonic Hedgehog ɗin, inda ya yi yawa ƙaramin yatsa ya fito, can nesa inda bai kai ba babban yatsa.

In mutum ya girma hanyar saƙon nan lafawa take a yawancin jiki. In ta maƙale a buɗe ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba tsayawa, haka wata kansar fata take farawa. A 2012 Amurka ta amince da maganinta, vismodegib, kuma Smoothened ɗin dai yake toshewa, shi ya sa aka hana shi ga mai ciki kwata-kwata.

Akwai mai tambaya kafin a kira la'asar?