Ranar da Masana Kimiyya Suka Fito Kan Titi

Ranar 22 ga Afrilu, 2017, ana ruwan sama a birnin Washington, amma dubban mutane suka cika filin National Mall, wasu sanye da fararen rigunan ɗakin gwaje-gwaje. A ranar an yi irin wannan tattaki na goyon bayan kimiyya a birane sama da 600 a faɗin duniya. To me ya fito da su?

Ranar 20 ga Janairun shekarar, da aka rantsar da Donald Trump, aka cire shafin sauyin yanayi daga shafin intanet na fadar White House. Bayan 'yan kwanaki aka umarci ma'aikatan hukumar kare muhalli ta EPA su daina magana da 'yan jarida. A watan Maris kuma gwamnati ta nemi a zaftare kashi 31 cikin ɗari na kuɗin EPA, da kusan dala biliyan 6 daga cibiyar binciken lafiya ta NIH.

Ku lura da yadda katsalandan ɗin gwamnati a harkar kimiyya yake aiki. Ba kasafai ake ce wa masani ya yi ƙarya ba. Kuɗin bincikensa ake yankewa, a rufe masa baki, a ɓoye bayanan da ya tara. Shi ya sa tun a Disamba 2016 masu bincike suka taru a Jami'ar Toronto suna kwafe bayanan muhalli daga shafukan gwamnatin Amurka kafin su ɓace.

Cikin shugabannin girmamawa na tattakin akwai Dakta Mona Hanna-Attisha, likitar yara daga garin Flint na jihar Michigan. A 2015 ta nuna cewa gubar dalma ta ƙaru a jinin yara bayan an sauya tushen ruwan garin. Jami'an jihar Michigan suka fara ƙaryata ta, daga baya suka amince ita ce ke da gaskiya.

Inda irin wannan tattaki ke tuntuɓe shi ne saƙo. "Muna goyon bayan kimiyya" magana ce da kowa zai amsa, ba ta kuma ɗaure kowa da komai. Idan allunan suka koma zagin jam'iyya ɗaya, rabin al'umma sai su ɗauki masana a matsayin 'yan adawa. Wasu masana sun yi wannan gargaɗi tun kafin ranar.

Kanada ta fi kyau a duba. A Yuli 2012 masana suka ɗauko akwatin gawa suka nufi majalisa a Ottawa, suna jana'izar hujja, wato suna nuna cewa gwamnati ta kashe hujjar kimiyya. Buƙatunsu a fayyace suke, ciki har da kada a rufe tashar bincike ta tafkuna 58 a Ontario, inda aka tabbatar cewa sinadarin fosfaras ne ke haddasa gansakukar da ke lalata ruwa. Tashar ba ta mutu ba, wata cibiya mai zaman kanta ta karɓe ta a 2014.

A Amurka kuwa, majalisa ta ƙara wa NIH dala biliyan 2 a Mayu 2017. Sai dai 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu sun daɗe suna kare wannan kuɗi, domin jami'o'in jihohinsu ne ke amfana da shi. Ranar 1 ga Yuni, ƙasa da mako shida bayan tattakin, Trump ya sanar da janye Amurka daga yarjejeniyar yanayi ta Paris.