Takardar Da Ke Cikin Safar Lehmann

Assalamu alaikum. Manyanmu masu horarwa da ke zaune a gaba, da ƙannena matasan koci da ke can baya, barkanku da zuwa. Na ga wasu na mayar da waya aljihu. A bar ta a hannu, za mu zo kanta.

Mu koma ranar 30 ga Yuni, 2006, a birnin Berlin. Jamus da Ajantina, kwata fainal na Kofin Duniya, an tashi kunnen doki 1-1, aka tafi bugun fenariti. Waɗanda suka kalla za su tuna, kafin a buga sai golan Jamus, Jens Lehmann, ya sunkuya ya zaro wata 'yar takarda daga safarsa, ya duba, ya mayar. Kocin gololinsu, Andreas Köpke, shi ya rubuta ta da fensir: sunan ɗan wasa, da ɓangaren da ya saba bugawa. Shi ke nan. Lehmann ya tare na Ayala, ya tare na Cambiasso, Jamus ta wuce da 4-2. Shekara goma sha takwas bayan nan, a gasar Turai ta 2024, Jordan Pickford na Ingila ya zo da irin wannan bayani manne a jikin gorar ruwansa, ya tare bugun Akanji na Suwizalan.

Ku duba da kyau. An yi dogon nazari a kan waɗannan masu bugu, amma abin da ya isa hannun gola bai wuce layi ɗaya a kan kowane mutum ba. Wani ya zauna ya tace. Wannan tacewar ita ce aikinmu, kuma ita muka fi sakaci da ita.

Yau kayan aiki sun yi yawa. 'Yar sharar nan baƙa da kuke gani a ƙirjin 'yan wasa in sun tuɓe riga, akwai na'ura a bayanta, tsakanin kafaɗu, tana magana da tauraron ɗan adam. Kamfanoni irin su Catapult da STATSports ke yin ta, kuma tun 2015 dokar ƙwallo ta yarda a sa ta har a cikin wasa. Za ta gaya maka ɗan tsakiya ya ci kilomita 11, sau nawa ya tsinke da gudu, sau nawa ya ja birki. Tana da amfani ƙwarai wajen gane wanda gajiya ta fara ci kafin tsoka ta tsage. Amma ba za ta gaya maka ko gudun nan ya yi shi inda ya kamata ba. Yaro na iya yin kilomita 12 yana bin inuwar ƙwallo.

Sannan akwai yawan magana. A 1990, masu bincike biyu a Amurka, Winstein da Schmidt, sun gwada masu koyon wani motsin hannu. Wasu ana nuna musu sakamako bayan kowane gwaji, wasu rabin lokaci kawai. Da aka dawo aka gwada su ba tare da taimako ba, 'yan rabin ne suka fi riƙe abin. Wanda ake yi wa gyara kowane bugu, idonsa na kan benci, jikinsa bai koyi jin kuskurensa ba. Ranar wasa kuwa, ihun 'yan kallo ba zai bari ya ji ka ba.

To, ga wayar. Ina da wani yaro ɗan gaba, ɗan shekara sha shida, duk ƙwallon da ya buga sai sama da raga. Wata biyu ina ce masa, "Kwantar da jikinka!" Yana cewa, "To, koci," gobe a maimaita. Rannan na tsugunna a gefensa, na ɗauke shi da waya a yanayin da ke rage saurin hoto. Muka koma ƙarƙashin darbejiya, na miƙa masa, ban ce uffan ba sai, "Dubi ƙafarka ta hagu." Ya kalla sau uku. Ya ce, "Kai! Ashe a baya nake dasa ta." Laifina ne na wata biyun nan, domin ina faɗa masa abin da shi bai taɓa gani ba. Ban ƙara masa gyara na biyu a ranar ba, ko da yake na hango uku.

Kuma don Allah, ina roƙonku, kada a jefa bidiyon kuskuren yaro a zauren WhatsApp na ƙungiya. Abokansa za su yi ta masa tsiya, daga nan duk sanda ya ga an ɗaga waya sai ƙafarsa ta mutu. Ku kira shi gefe, ku biyu.

Gobe da safe in mun fita fili, kowa zai ɗauki ɗan wasa ɗaya, bidiyon daƙiƙa goma, a tsaya daga gefe ba daga baya ba, rana a bayanka. Kafin ka buɗe baki, tambaye shi me ya gani. Alhaji, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.